Black Watch: An Ɗauke Su Gadin Gida, Suka Ƙare Da Zaga Duniya

A wani dare cikin watan Mayun 1743, sojoji fiye da ɗari suka sulale daga masaukinsu a bakin birnin Landan, suka kama hanyar arewa a ƙasa. Niyyarsu su koma tsaunukansu na Sikotilan, tafiyar da ta haura mil 400. Ba tsoron yaƙi ya kore su ba. Jita-jita ce ta bazu a tsakaninsu cewa za a loda su a jirgin ruwa a kai su tsibiran Karibiyan, inda kowa ya san zazzaɓi yana cin Turawa kamar wutar daji, su kuwa a iya saninsu ba da wannan sharaɗi aka ɗauke su aiki ba. Gadin ƙasarsu aka ce za su yi. Sojan doki suka bi sawunsu har suka ritsa su a wani kurmi kusa da garin Oundle, suka miƙa wuya ba tare da an yi faɗa ba. Aka yi musu shari'ar soja. Ranar 18 ga Yuli aka harbe mutum uku a harabar Hasumiyar Landan: kofur biyu, Samuel da Malcolm McPherson, da wani farabiti mai suna Farquhar Shaw. Sauran aka rarraba su ga rundunonin da ke Jibralta da Minoka da Jojiya ta Amurka, wasu kuma aka tura su tsibiran nan dai da suka gudu don kada a kai su.

Rundunar da suka gudu daga cikinta ita ce Black Watch, wadda ta girmi duk rundunonin mutanen tsaunukan Sikotilan a sojan Birtaniya. Abin da suka ji tsoro kuwa shi ya zama sana'arta. Daga wannan shekara har 2006, lokacin da aka narkar da ita cikin wata runduna, mutanenta sun fi sanin cikin jirgin ruwa da barikokin ƙasashen waje fiye da ƙauyukan da aka haife su. Wanda ya bi sawun tafiye-tafiyenta shekara da shekara zai ga taswirar daular Ingila tana buɗewa, ta kai iyakar faɗinta, sannan ta naɗe.

Asalin abin rikicin sarauta ne. A 1715 wasu dangogin tsaunuka suka ɗauki makami don su mayar da gidan sarautar Stuart kan gadon da aka kore shi daga kai a 1688. Gwamnati ta murƙushe tawayen, amma ta gane cewa cin yaƙi daban, riƙe ƙasa daban. Sojojinta masu jar riga ba su jin Gelik, harshen mutanen wurin, ba su san hanyoyin duwatsu ba, ba su kuma iya bambanta ɓarawon shanu da mai shanu. A 1724 aka aiki Janar George Wade ya dubo ƙasar. Ya dawo da shawara biyu: a gina hanyoyi da gadoji da soja za su bi, a kuma ɗauki 'yan ƙasa daga dangogin da ke goyon bayan sarki su riƙa sintiri. Da ɗan gari akan ci gari. A 1725 aka kafa kamfani shida masu zaman kansu, uku a hannun dangin Campbell, ɗaya na Grant, ɗaya na Fraser, ɗaya na Munro. Aikinsu karɓe makamai daga hannun jama'a, hana satar shanu, da sa ido kan duk wani taro da ke da ƙanshin tawaye. A gaskiya sun fi kama da dogarai ko 'yan doka fiye da sojan yaƙi.

Sunan ya fito ne daga aikin da kuma tufafin. Kalmar farko tana nufin baƙi, ta biyu tana nufin gadi. Suna sanye da kayan gargajiyarsu, wani babban mayafin ulu mai zanen gidan dara da ake ɗaurawa a ƙugu ya tsaya a gwiwa, a yafa ragowarsa a kafaɗa. Nasu launinsa shuɗi ne da kore da baƙi, duhu ƙirin idan an gwada shi da jar rigar sojan Ingila. Wani abin sha'awa shi ne irin mutanen da suka shiga tun farko. Tunda doka ta hana kowa riƙe takobi da bindiga sai wanda ke aikin sarki, 'ya'yan manyan gida da yawa suka yarda su zama kurata don kawai su ci gaba da rataya makami, har akan ga farabiti ya zo fareti da baransa yana ɗauke masa kaya. Mutum irin wannan bai ɗauki kansa a matsayin wanda za a tura inda aka ga dama ba, kuma nan ne tushen abin da ya faru a 1743.

A 1739 Sarki George na Biyu ya ba da umarni a ƙara kamfani huɗu, a haɗa goman su zama cikakkiyar runduna a ƙarƙashin John Lindsay, mai sarautar Crawford. A watan Mayun 1740 suka yi faretinsu na farko a wani fili a garin Aberfeldy, gefen kogin Tay, kusa da gadar da Wade ya gina. An fara ba su lamba ta 43 a jerin rundunonin sojan ƙasa, daga baya da aka rushe wata runduna da ke gabansu suka koma ta 42, lambar da suka yi suna da ita.

Bayan an harbe mutum ukun nan, sauran rundunar aka tsallakar da ita Filandas, a Beljiyam ta yau. A Fontenoy, cikin Mayun 1745, suka fara ɗanɗana yaƙi na sosai. Faransawa ne suka yi nasara, amma mutanen tsaunuka suka fita da yabo, har aka sa su cikin masu tare baya yayin da sauran ke janyewa. A shekarar nan kuma wani tawayen Stuart ya tashi a gida, wanda ya fi na farko girma. Hukuma ba ta yi gangancin tura babban ɓangaren rundunar ta yaƙi 'yan uwanta ba, sai ta ajiye ta a kudancin Ingila. Da aka karya tawayen a Culloden a 1746, majalisa ta yi doka ta haramta wa mutanen tsaunuka tufafinsu na gado, in ban da wanda ke cikin sojan sarki. Dokar ta kai har 1782. Wato duk saurayin da ke son ya sa kayan kakanninsa ya ji busar algaitarsu mai salka ba tare da fargaba ba, ƙofa ɗaya ce a buɗe gare shi: bariki.

A nan, a ganina, Ingila ta koyi dabarar da ta yi ta amfani da ita shekara ɗari biyu. Ka ci mutane da yaƙi, ka yaba jaruntakarsu, ka ɗinka musu kaki, ka aika su su ci maka wasu can nesa inda ba su da dangi. Abin da ta yi wa mutanen tsaunukan Sikotilan shi ta yi wa Gurka na Nefal, da Sikh na Funjab, da kuma Hausawa.

A 1756 aka kai rundunar Arewacin Amurka, inda Ingila da Faransa ke rigimar ƙasa. Ranar 8 ga Yulin 1758 ta gamu da ɗaya daga cikin munanan ranakunta, a ganuwar Ticonderoga. Janar Montcalm na Faransa yana da mutum ƙasa da 4,000, Janar Abercrombie na Ingila yana da wajen 16,000. Montcalm ya sa aka sassare itatuwa aka jibge su gaban ramukansa, rassan a fiƙe suna fuskantar masu zuwa. Abercrombie bai tsaya jiran a jawo igwa ta share shingen ba, ya ce a afka. Sa'o'i aka yi mutanen Black Watch suna saran rassa da takubba ana ɗauke su da harsashi ɗaya bayan ɗaya, sai da aka maimaita musu umarnin janyewa kafin suka bari. Fiye da mutum 600 daga cikinsu suka mutu ko suka ji rauni, sama da rabin waɗanda suka shiga. Littattafan rundunar suna ba da labarin ranar da alfahari. Ni dai abin da na fi gani a cikinta wautar janar ce, wadda talakawan soja suka biya kuɗinta.

Karibiyan ɗin da aka guda kuwa ba ta fasa zuwa ba. Rundunar ta yi yaƙi a Gwadaluf a 1759, ta je Martinik da Habana ta Kuba a 1762, kuma abin da mutanen 1743 suka ji tsoro ya tabbata: shawara da zazzaɓin cizon sauro da atuni suka kashe fiye da abin da bindiga ta kashe. Wannan shi ne ɓangaren aikin ƙasashen waje da ba a saƙa shi a jikin tuta. Soja a wancan zamani kusan har ƙarshen rayuwarsa yake sa hannu. In an tura runduna waje takan yi shekara goma ko fiye ba ta ga gida ba. Matan aure kimanin shida kaɗai ake bari su bi kowane mutum ɗari, kuma ƙuri'a ake jefawa a bakin tashar jirgi. Wadda ƙuri'a ba ta faɗa mata ba, ita da 'ya'yanta sai su juya, sau da yawa rabuwar ke nan har abada. Ragowar rundunar da suka tsira daga Habana aka mayar da su Amurka, suka yaƙi 'yan asalin ƙasar a Bushy Run a 1763, sannan daga 1776 suka yaƙi Turawan da ke neman 'yancin kai a ƙarƙashin George Washington. Da Ingila ta sha kaye, wasu daga cikin sojojin ba su koma ba sam, aka ba su gonaki a gabashin Kanada suka zauna.

Ƙafarsu ta farko a Afirka a Masar ce. Ranar 8 ga Maris 1801 suka sauka daga kwale-kwale a gaɓar Abukir ana yi musu ruwan wuta, ranar 21 ga wata kuma suka gwabza da sojojin da Napoleon ya bari a kusa da Iskandariyya. Janar ɗinsu, Ralph Abercromby, ya sami raunin da ya yi ajalinsa, amma an karya Faransawa, aka ba rundunar izinin sa hoton gunkin nan mai kan mutum da jikin zaki a tambarinta. A wajejen wannan zamani ne kuma jan gashin tsuntsun da suke soka wa hula ya zama alamarsu. Labarin da su ke bayarwa shi ne an raba musu shi a 1795 bayan wani artabu a Holan. Daga nan sai Sifen da kudancin Faransa, sai Quatre Bras ranar 16 ga Yunin 1815, inda sojan dokin Faransa masu mashi suka cim musu kafin su gama jera sahu suka kashe kanar ɗinsu, Robert Macara, sai Waterloo bayan kwana biyu.

Akwai reshe guda da ya kamata a ambata, don zai dawo daga baya. Wajen 1780 an kafa wa rundunar bataliya ta biyu aka tura ta Indiya, inda Tipu Sultan na Maisur ya tsare ta a Mangalore watanni da yawa. A 1786 aka yaye ta ta zama runduna mai cin gashin kanta, mai lamba 73. Ita ma ta sha yawo: Ostareliya a 1810 tare da Gwamna Lachlan Macquarie, sannan Silon, sannan Afirka ta Kudu. Mutanenta suna cikin jirgin ruwan Birkenhead da ya bugi dutse a gaɓar Afirka ta Kudu cikin Fabrairun 1852. Kwale-kwalen ceto ba su isa ba, aka sa mata da yara a ciki, sojoji suka tsaya a sahu a kan jirgin har ya nutse da su.

Ita kuwa ta 42, bayan Waterloo shekara kusan arba'in ta yi tana zaman gadi: Ayilan, Jibralta, Malta, Korfu, Bamuda, Kanada. Fareti, goge takalmi, giya, jira. Sai yaƙin Kirimiya da Rasha a 1854, sai Indiya a ƙarshen 1857, lokacin da sojojin Indiyawa suka juya wa Turawa baya. Ta yi yaƙi a Kanfur da Laknau da Bareli, mutanenta takwas suka sami lambar Victoria, wadda babu ta sama da ita a jarunta a sojan Birtaniya. Sai dai yaƙin nan an ƙare shi da ramuwar gayya mai muni a kan Indiyawa, rataya ba shari'a da ƙone garuruwa, kuma duk rundunar da ta shiga cikinsa ba za ta ce hannunta bai taɓa jini ba. Ba ta bar Indiya ba sai 1868. Tana can ne, a 1861, aka amince da laƙabin Black Watch a matsayin sunanta na hukuma.

Inda labarinta ya haɗu da namu shi ne yaƙin Asante, mutanen da fatakenmu na goro suke kira Tonawa. A 1873 dakarun Sarkin Asante Kofi Karikari suka ƙetare kogin Pra suka gangaro gaɓar teku, bayan gardama kan garin Elmina da Ingila ta karɓa daga hannun Holan. Aka aiko Janar Garnet Wolseley. Shi ya san cewa babban abokin gabansa sauro ne da damina, saboda haka ya tsara yaƙin kamar mai tsere da rana. Ya sa aka share hanya daga Cape Coast zuwa Pra, aka gina zangon kwana a kowane mataki, aka tanadi kwinin, sojojin Turawa kuma aka bar su cikin jirgi a teku har sai da komai ya kammala. Bataliya uku ya nema daga gida, Black Watch na cikinsu. Ko tufafinsu na gado ba a bari suka sa ba, aka ɗinka musu kaya masu ruwan toka da suka dace da kurmi.

Ba su kaɗai suka shiga kurmin ba. Tun 1863 wani hafsan sojan ruwa, John Glover, ya tara wata 'yar runduna a Legas daga cikin masu jin Hausa, da yawansu bayi ne da suka gudu daga iyayen gijinsu. Ita ce ake kira Hausawan Glover, kuma daga gare ta sojan Nijeriya na yau ke ƙirga asalinsa. A wannan yaƙi Glover ya ja nasa mutanen ta gefen kogin Volta, wasu Hausawan kuma aka sa su cikin rundunar Wolseley, har ma ƙananan igwoyin da aka shiga da su kurmi, a ƙarƙashin Kyaftin Rait, Hausawa ne ke harba su. Ranar 31 ga Janairun 1874, a Amoaful, Black Watch ce a gaba. Kurmin ya yi duhun da mutum ba ya ganin wanda ke harbinsa, sai hayaƙin bindigar toka. Duk inda Asante suka toshe hanya sai a turo igwar Hausawa ta yi aman wuta, masu algaita su busa, 'yan Sikotilan su ruga. Fiye da mutum 100 na rundunar suka ji rauni a ranar. Da a ce Asante suna da bindigogi irin na Turawa a maimakon na toka masu cin tsakuwa da guntayen ƙarfe, da yawancin raunukan nan gawawwaki ne. Wani saje, Samuel McGaw, ya yini yana jan mutanensa da rauni a jikinsa, aka ba shi lambar Victoria.

Ranar 4 ga Fabrairu suka shiga Kumasi. Sarki ya riga ya fice. Aka kwashe kayan zinariyar fada, aka tarwatsa ginin da albarushi, aka cinna wa garin wuta, aka juya da sauri don ruwa ya fara sauka. Yarjejeniyar da aka ƙulla a Fomena ta ɗora wa Asante tarar oza 50,000 na zinariya. Kafin ƙarshen Maris rundunar ta koma Ingila ana yi mata kirari. Kayan fadar kuwa aka yi gwanjonsu, suka watsu a gidajen tarihi da na attajirai. Sai a 2024, bayan shekara 150, wasu gidajen tarihi biyu na Landan suka mayar da guda 32 na kayan sarautar Asante zuwa Kumasi, shi ma wai aro suka bayar. Mai kaya ya zama mai aro. Saje McGaw bai daɗe yana cin lambarsa ba: zafin rana ya kashe shi a Ƙubrus a 1878, lokacin da aka kai rundunar ta karɓi tsibirin daga hannun Turkawa.

A 1881 gwamnati ta sake fasalin sojan ƙasa gaba ɗaya. Aka soke lambobi, aka haɗa rundunoni biyu-biyu, aka ba kowace yankin da za ta riƙa ɗibar kurata. Ta 42 da tsohuwar 'yarta ta 73 suka koma gida ɗaya, hedikwatarsu a birnin Perth. Tsarin shi ne bataliya ɗaya tana waje, ɗaya tana gida tana horar da sababbi tana aika mata. A lokacin ma tsaunukan sun riga sun yi ƙaranci da mutane, don masu ƙasa sun tashi ƙauyuka da yawa sun zuba tumaki. Kuratan wannan lokaci daga masaƙun Dundee suke fitowa, da ramukan kwal na Fife, da gonakin Angus. Kayan na mutanen dutse ne, masu sa su 'ya'yan leburorin birni.

Shekara guda da haɗewar, bataliya ta farko ta koma Masar. Ranar 13 ga Satumbar 1882, bayan tafiyar dare a hamada ana bin taurari, suka faɗa wa ramukan Ahmad Urabi Basha a Tel el-Kebir da asuba, Masar ta shiga hannun Ingila. Daga nan sai Sudan, inda Mahdi ya tashi. A 1884 aka sauke su a yankin Sawakin, tashar da alhazanmu masu tafiyar ƙasa suka daɗe suna tsallakawa Jidda ta cikinta, don su yaƙi Usman Digna da mutanensa na ƙabilar Hadandawa. A Tamai, ranar 13 ga Maris, aka yi abin da rundunar ba ta so a tuna mata. Sojan Ingila sukan yi sahu mai kusurwa huɗu, kowane gefe yana kallon waje. Kwamandansu, Janar Graham, ya umarci Black Watch, da ke gaba, ta ruga, sauran sassan ba su bi da sauri ba, sai ƙofa ta buɗe. Ansaru, mabiyan Mahdi, masu takobi da mashi suka ɓullo daga wani kwari suka kutsa ciki, suka ƙwace manyan bindigogin sojan ruwa na ɗan lokaci. An kashe wa rundunar mutum wajen 60 kafin a gyara sahu. Ansaru sun rasa wajen 2,000. Shekaru da yawa bayan haka, in sojan wata runduna yana neman faɗa a mashaya, ya ishe shi ya ambaci karyewar sahun nan a gaban ɗan Black Watch. A Fabrairun 1885 kuma suka yi yaƙi a Kirbekan a bakin Nilu, cikin ayarin da aka tura ceton Janar Gordon daga hannun Ansaru, alhali Gordon ya riga ya mutu a Khartum tun 26 ga Janairu.

Akwai hafsa ɗaya da rayuwarsa ta tattara wannan zamani duka, Andrew Wauchope. Yana saurayi aka ba da shi aro ga rundunar 'yan Afirka mai ɗauke da Hausawa a yaƙin Asante, ya ji rauni a can. Ya sake jin rauni a El Teb ta Sudan, ya sake ji a Kirbekan, ya ja birged a Omdurman a 1898. A Disambar 1899, yana manjo janar, aka ba shi birged ɗin mutanen tsaunuka ya kai wa Buwa, Turawan Afirka ta Kudu, farmakin asuba a Magersfontein, irin na Tel el-Kebir. Amma Buwa ba a kan tudu suka haƙa ramukansu ba kamar yadda aka zata, a gindinsa suka haƙa. Sojojin suna tafe a cunkushe cikin duhu da ruwan sama, ba su kai ga bazuwa ba aka buɗe musu wuta daga kusa. Wauchope na cikin waɗanda suka fara faɗuwa. Bataliya ta biyu ta Black Watch ta rasa mutum wajen 300 tsakanin matattu da masu rauni, sauran suka yini kwance a rana, ƙafafunsu da ba su da wando suna ƙuna.

Yaƙin Duniya na Farko ya kumbura rundunar har ta kai bataliya 25, ya kuma ci mata mutum wajen 8,000. Yawancinsu a Faransa da Beljiyam suka mutu. A Loos kaɗai, cikin Satumbar 1915, bataliyar mutanen Dundee ta yi asarar da ta sa kusan kowace unguwa a birnin zaman makoki. Bataliya ta biyu kuwa daga Indiya aka ɗauko ta zuwa Faransa, daga can zuwa Iraƙi, inda ta ragu har sai da aka haɗa ta da wata bataliya na ɗan lokaci don su cika guda, ta shiga Bagadaza a 1917, ta ƙare yaƙin a Falasɗinu.

Wannan bataliya ta biyu ita ce kuma ta fi shan yawo a Yaƙin Duniya na Biyu. A Agustan 1940 tana Somaliya ta Ingila tana tare wa masu janyewa baya daga Italiyawa har aka kwashe su ta Barbara. A Mayun 1941 tana tsibirin Kirit sojan laima na Jamus suna sauko mata. A Nuwamban shekarar ta fasa ƙawanyar Tobruk a Libiya, ta bar kusan rabin mutanenta a fili cikin safiya ɗaya. Sai aka kai ta Indiya, a 1944 aka sa ta cikin dakarun Janar Wingate da ake saukewa da jirgin sama a bayan layin Japanawa a dajin Bama, suna tafiya da alfadarai, abincinsu ana jefo musu daga sama. A nan ta sake haɗuwa da mutanenmu, bayan shekara 70 da Amoaful: bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta rundunar Nijeriya suna cikin wannan aiki, an sauke su a daji ɗaya, sun sha damina ɗaya da ciwo ɗaya. 'Yan mazan jiyan da muka taso muna ji ana cewa sun je Bama, wasunsu da waɗannan masu jan gashi a hula suka yi zaman rami.

Daga 1945 aikin ya juya. Rundunar da ta saba zuwa karɓar ƙasa ta koma mai rufe ƙofa in za a tashi. Bataliya ta biyu ce ta ƙarshe cikin sojan Birtaniya da ta bar Pakistan, ta shiga jirgi a Karachi cikin Fabrairun 1948. Ta farko ta je Koriya, ta riƙe wani tudu da ake kira Hook a gaban farmakin sojan Sin cikin Nuwamban 1952. Daga can kai tsaye aka wuce da ita Kenya farautar 'yan Mau Mau, yaƙin da Birtaniya ta yi shi da sansanonin tsare mutane da azabtarwa, har a 2013 ta amince ta biya diyya ga 'yan Kenya fiye da 5,000. A can ne aka kashe Manjo Archibald Wavell a jajibirin Kirsimetin 1953, ɗa ɗaya namiji ga Fil Mashal Wavell, wanda shi ma ɗan rundunar ne kuma ya taɓa zama wakilin sarki a Indiya. Sai Ƙubrus, sai Jamus, sai zuwa da komowa Ayilan ta Arewa. A Nuwamban 1963 masu algaitarta suna rangadi a Amurka, suka yi wasa a fadar White House gaban Shugaba Kennedy. Kwana tara bayan haka aka harbe shi, matarsa ta nemi su dawo, tara daga cikinsu suka yi busa a jana'izarsa. Ranar 30 ga Yunin 1997 kuma, da aka sauke tutar Birtaniya a Hong Kong cikin ruwan sama, Black Watch ce bataliyar ƙarshe da ke gadin wurin.

Iraƙi ce ta zama tafiyarta ta ƙarshe da sunan runduna mai zaman kanta. Ta shiga yaƙin Basra a 2003. A ƙarshen 2004 Amurka ta roƙi a matso da ita arewa, kusa da Bagadaza, don sojojinta su sami sukunin afka wa Falluja. Mutum wajen 850 suka tafi wani sansani da ake kira Dogwood, abin da ya tayar da ƙura a majalisar Birtaniya, inda da yawa suka ce siyasa ce ba larurar yaƙi ba. Sojoji biyar suka mutu a wannan aiki, uku daga cikinsu a harin ƙunar baƙin wake guda tare da tafintansu ɗan Iraƙi. Ɗaya daga cikin biyar ɗin ɗan tsibirin Fiji ne, don a lokacin Perth da Dundee ba sa iya cika sahu, sai an nemo kurata daga tsofaffin ƙasashen daular. Suna dawowa, a watan Disamba, gwamnati ta sanar cewa za a haɗe ta da wasu rundunonin Sikotilan su zama ɗaya. Tsofaffin sojoji suka yi zanga-zanga, suka tara sa hannu, ba a saurare su ba. Ranar 28 ga Maris 2006 Black Watch ta zama bataliya ta uku ta sabuwar Rundunar Sarauta ta Sikotilan. An bar mata sunanta da jan gashin hularta, kuma a wannan matsayi ta je Helmand ta Afganistan a 2009. Barikin da aka zaunar da ita, Fort George kusa da Inverness, ganuwa ce da aka gina bayan Culloden don tsoratar da mutanen tsaunuka.

Tutocinta da lambobinta da kayan da ta kwaso daga ƙasashe suna gidan tarihinta a Balhousie, cikin Perth. A Aberfeldy kuwa, a filin da aka yi faretin farko, akwai tarin duwatsu mai tsawo da aka gina a 1887 don tunawa da kafuwarta, a samansa an sassaƙa soja cikin tsohon mayafin 1740 yana kama ƙotar takobinsa. Sojan da aka ce an siffanta shi ne Farquhar Shaw, farabitin nan da aka harbe a Hasumiyar Landan don ya ƙi a kai shi ƙasar waje.